Jerin Mata Masu Ƙwanji: Mi Anka Ƙidaya?

Ranar kasuwar Barmu da ta wuce ina zaune rumfar mai shayi, sai ga wani saurayi wanda bai daɗe da komowa daga Abijan ba. Salula ce a hannunshi, samari sun kewaye shi kamar ana rabon goro. Na ce mishi, "Samari, mi kuke kallo haka?" Ya ce, "Baba, jerin matan da sunka fi kowa ƙarfi a duniya ne." Ya miƙo mini salular. Na duba, na sake dubawa. Abin da na gani shi ne nike son mu tattauna da kai yau, don irin wannan jeri shina yawo cikin salulolin ƴaƴanmu, kuma gobe kai ma za a nuna maka shi.

Bari in fara gaya maka ko su wane ne matan nan. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa na nuna ƙwanji. Mutum shi yi shekaru shina ɗaga ƙarfe, shina auna abin da zai ci, har naman jikinshi shi murɗe kamar igiyar rijiya. Ranar gasa ba a kokowa, ba a dambe. Kowa shi hau dandamali shi tsaya, shi ɗaure damtse, shi juya baya, alƙalai su duba su ba da maki. Maza na yi, mata ma na yi. Babbar gasar matan sunanta Ms. Olympia. An fara ta a Amurka cikin 1980, kuma wata mai suna Rachel McLish ce ta fara cinye ta. Na sani shigar da suke yi ba irin tamu ba ce, kuma za ka ce ina ruwanmu. Yi haƙuri, ba maganar tufafi ta kawo ni ba. Maganar awo ce.

Su matan nan suna liƙa hotunansu a wani dandali na cikin salula da ake kira Instagram, wanda anka buɗe cikin 2010. Ka ɗauke shi kamar wani dogon bango ne, kowa da gefenshi inda yake liƙa hotunanshi. In hotunan wani sun burge ka, sai ka danna wani wuri, daga nan ka zama mabiyinshi, duk abin da ya liƙa za a kawo maka. Na'ura tana ƙidaya mabiyan, tana rubuta adadinsu saman hoton mutum. In ka ga harafin K bayan lamba, dubu ke nan: 50K, dubu hamsin. In ka ga M, miliyan ce. To, mai jerin nan ba abin da ya yi sai bin waɗannan lambobi. Wadda ta fi yawa ya sa ta 1, mai bi mata 2, har ƙasa.

Gaskiya, kan maganar da ya rubuta bai ce ƙarfi ba. Cewa ya yi waɗanda sunka fi farin jini. Amma ka ji yadda saurayin nan ya karanta shi: waɗanda sunka fi ƙarfi. Kuma ban ga laifinshi ba. Duk inda ka ga an jera ƴan wasa an ce ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku, zuciyarka za ta ba ka cewa karawa anka yi, wani ya kada wani. Mai jerin ya san haka. Ya aro rigar gasa ya sa ma abin da ba gasa ba. Nan ne laifinshi na farko.

Ga misali guda, shi kaɗai ya isa. Akwai wata ƴar ƙasar Benezuwela, Michelle Lewin. Mabiyanta sun haura miliyan 10. Don ka gane yawan, ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen miliyan 3 da dubu 300 cikin jahar Tawa gaba ɗaya, tun daga Ƙonni har Abalak, da jarirai da tsofaffi. Ka ga mabiyanta sun ninka mu sau uku. Tana motsa jiki ƙwarai, ba wanda ya hana mata wannan. Amma ba ta taɓa cin Ms. Olympia ba, ba ma a wannan aji take wasa ba. Sannan akwai wata baƙar fata ta Amurka, Iris Kyle. Ita ta ci Ms. Olympia sau 10: cikin 2004, sannan kowace shekara daga 2006 har 2014. A gasar maza ba wanda ya wuce sau 8. Ke nan babu namiji babu mace da ya kai ta. Mabiyanta ko miliyan guda ba su cika ba. Jerin da anka yi da yawan mabiya dole shi ɗora ta farko can sama, shi jefa ta biyu can ƙasa. Yanzu kai, in an ce maka ga jerin ƴan kokowa, ka duba ka tarar mai takobi shida shina bayan yaron da ke riƙe mishi layu, mi za ka ce da mai jerin?

Mi ya sa haka? Ai ba wuya. Mai danna salula ba alƙali ba ne. Shina kwance bayan sallar lisha, hotuna na wucewa gaban idonshi, wanda ya yi mishi kyau shi tsaya. Fuska ce ke tsai da shi, da gashi, da murmushi, da abin da kunya ba ta bari in faɗa ba. Macen da ƙwanjinta ya kai matuƙa, sau da yawa sai shi wuce ta. Hoton kuwa da kake gani, an ɗauki da yawa kafin a zaɓi wannan guda. An gyara haske, an zaɓi gefen da ya fi kyau, wani lokaci ma na'ura ta rage nan ta ƙara can. Alƙalin gasa shi ma da ido yake aiki, ban musa ba. Amma shi ya san sana'ar, kuma shina ganin matan tsaye kafaɗa da kafaɗa, rana guda, haske guda.

Kowane abu da ma'auninshi. Hatsi da tiya, yadi da kamu, nama da sikeli. In mai yadi ya zo maka da tiya, ka san akwai magana. Yawan mabiya tiya ce mai kyau, amma abin da take aunawa idanun mutane ne, ba damtsen mai hoto ba.

Kada ka ce wasa ne kawai na yara. Akwai cin abincin mutane a ciki. Kamfanonin da ke saida tufafin wasa da garin ƙarin ƙarfi suna biyan kuɗɗin talla, kuma yawan mabiya suke dubawa kafin su biya. Mai miliyan goma ta ɗauki hoto guda riƙe da gwangwani, a biya ta. Mai kambu goma tana jira. Su masu shirya gasar ma sun bi idon ƴan kallo. A ƙarshen 2004 hukumar wasan ta rubuta ma matan takarda cewa su rage ƙwanji da kashi 20 cikin 100. Ka ji fa, a wasan nuna ƙwanji! Cikin 2010 anka ƙaro wani aji na mata masu ɗan siririn jiki, wanda ya fi jan ƴan kallo. Bayan gasar 2014 kuwa sai anka dakatar da Ms. Olympia ɗungum. Shekara biyar ba a yi ta ba, sai 2020 ta komo, wata Andrea Shaw ta ci. Ka ga inda ƙidayar idanu ta kai: waɗanda sunka fi kowa iya abin, su anka rufe ma fili.

Akwai kuma wata ɓaraka da mai jerin bai faɗa ba. Mabiya sayensu ake yi. Akwai masu sana'ar buɗe sunayen ƙarya dubu-dubu, babu mutum bayansu, ka biya su turo maka su. Cikin watan Disamba na 2014 kamfanin Instagram ya yi shara, ya share irin waɗannan sunaye. Mawaƙin nan Akon, ɗan asalin Sanagal, ya wayi gari fiye da rabin mabiyanshi sun ɓace. Ban ce shi ya saye su ba, don sunayen ƙarya sukan liƙe ma mutum ko bai kira su ba. Ban kuma ce matan da ke cikin jerin sun saya ba. Abin da nike cewa, mai jerin bai buɗe buhu ya duba ba. Ya kwafe lambar da ke rubuce a baya, ko hatsi ne a ciki ko ƙaiƙayi. Hausawa sun ce mutane su ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

To, su wa ke yin wannan zaɓe ma? Sai mai babbar salula, da rezo, da kuɗɗin sayen intanet, da wurin caji. Kai ka san ƙauyuka nawa ne arewacin Adar inda sai an hau tudu kafin a sami kira. Kuma wadda ba ta da hoto a bangon, ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Tambayi dattawan Kaita. Cikin 1984 anka fara babban aikin raya karkara can, da taimakon ƙasar Italiya. Maza sun tafi ci-rani, mafi yawan masu aikin mata ne. Su sunka ɗauki duwatsu bisa kai, sunka jera su don tare ruwa, sunka haƙa ramu cikin fako, sunka dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Tudun da ya zama ƙeƙasasshe ya koma fid da ciyawa. Ba na cewa a kai su gasar Amurka, wasan daban aikin daban. Amma saurayin ya ce mini matan da sunka fi ƙarfi a duniya, alhali uwar da ta haife shi tana jan wasaki daga rijiya mai gaba da yawa tun kafin a san da shi. Adadin mabiyanta sifiri ne.

In kana son lambar da ke faɗin ƙarfi da gaske, akwai ta. Ga Folashade Oluwafemiayo, ƴar Najeriya, haifaffar Jos, wadda ke tafiya da keken guragu. A wasannin naƙasassu na duniya da anka yi a birnin Paris cikin 2024, ta kwanta rigingine bisa benci ta tura ƙarfe mai nauyin kilo 167 da hannuwanta. Ka san buhun hatsi na kilo 100. To, buhu guda da rabi, da ƙarin kilo 17. Kafin ranar nan ba macen da ta taɓa ɗaga haka a ajinta. Wannan lamba ba a sayenta, ba a gyara mata haske. An auna ƙarfen da sikeli, alƙalai uku na kallo, ko ya tashi ko bai tashi ba.

Mu nan mun san irin wannan hukunci. Tun da anka fara kokowar takobi ta ƙasa a garin Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, doka guda ce: wanda ya faɗi ya faɗi. Ko duk filin naka ne, ko ihun mutanenka ya kai Barmu, in ka sha ƙasa an gama. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinshi na shida a Agadas ƙarshen 2023, kuma ba ƙidayar masoya anka yi aka ba shi ba.

Amma kada in cuci mai jerin. Farin jini ba ƙarya ba ne, shi ma abu ne. Kowa ya san ɗan kokowar da bai taɓa riƙe takobi ba, amma in ya shigo fili shina rawa da kirari, sai mutane su miƙe tsaye. Kuma tun da can suna ba ya tafiya da ƙafarshi, sai an ɗauke shi. Shago ɗan dambe ne na gaske, amma Ɗan Anace ne ya kai sunanshi garuruwan da bai taɓa takawa ba. Bambancin shi ne, a da sai ka yi abin a gaban jama'a kafin makaɗi shi ɗauke ka. Yanzu kowa makaɗin kanshi ne, gangar tana aljihunshi. Da mai jerin ya rubuta a sama cewa ga matan da sunka fi iya tallar kansu, da na ce madalla, aikinshi ya yi daidai. Iya talla ma gwaninta ce, mai goro ya sani.

Abu guda ya rage, kuma don samarinmu nike faɗinshi, tunda na ga wasu sun fara zuba siminti cikin gwangwani suna ɗagawa. Ɗaga nauyi ba laifi. Amma da yawa cikin jikunan da ke cikin hotunan nan, na maza da na mata, ba ƙarfe da abinci kaɗai sunka gina su ba. Akwai ƙwayoyi da allurai masu kumbura nama. Suna ɓata hanta, suna raunana zuciya. Mace muryarta ta yi kauri, gemu shi fito mata. Namiji kuwa suna iya hana shi haifuwa. Jerin bai ce uffan bisa wannan ba, don lambar mabiya ba ta tambayar yadda anka sami jikin.

Da na gama dubawa sai na ce ma saurayin, "To, samari, nemo mini Iris Kyle cikin jerin naka." Ya ce bai taɓa jin sunan ba. Na rubuta mishi shi bisa takardar sukari. Ya shiga ja da ɗan yatsa, hotuna na wucewa, samari na leƙe ta bayan kafaɗarshi. Ya wuce ta goma, ya wuce ta ashirin. Mai shayi ya ƙara mana zagaye na biyu. Kafin mu kai gare ta, cajin salular ya ƙare.