Tafiyar Fatika: Nazari a kan Littafin Shaihu Umar

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta nemi malaman Arewa su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai wani saurayi malamin makaranta a Bauci, wanda bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, watau Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912. Littafinsa Shaihu Umar ya fito a 1934, zamani ɗaya da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ɗaukakar da marubucin ya samu daga baya, har ya zama Firayim Minista a 1957, da kuma irin rasuwar da ya yi a watan Janairu na 1966, sun sa mutane da yawa su kan karanta littafin don su nemi halin mai shi a ciki. Wannan takarda ba ta nan ta bi ba. Nufinta a duba ginin labarin kansa, a ga a kan me ya ke juyawa.

Abin da aka saba gaya wa ɗalibai shi ne, littafin darasi ne na haƙuri da yarda da ƙaddara. Wannan magana ba ƙarya ba ce. Shaihu Umar na zaune a Rauta, tsoho, malami, yana ba almajiransa labarin asalinsa ba da zafin rai ba, kamar wanda ya riga ya sallama kome ga Ubangiji. Amma wanda ya bi labarin daki-daki zai ga cewa a kusan kowace mararraba akwai hannun mutum, kuma abin da hannun nan ya aikata ba shi da girma a ido. Sarki ya saurari tsegumi. Mace ta yi niyyar gano iyayenta. Baƙo ya dubi yaro ya ji ƙaunarsa. Wata ta gaskata alkawarin wanda ba ta sani ba. Waɗannan su ne ƙusoshin da ke riƙe da littafin, sun fi hari da guguwar rairayi aiki a cikinsa.

Na farko ba ya bukatar dogon bayani. Makau, mijin uwar Umar na biyu, bafade ne a Kagara wanda sarki ya ke so, sai 'yan uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri bayan an komo daga hari, suka ce ya ɓoye waɗansu bayi cikin waɗanda ya kamo. Sarki ya kore shi, ya tafi ya zauna a Makarfi. Irin wannan makirci na fada sananne ne a labarun Hausa, marubucin bai ƙara masa wani sabon abu ba, sai dai ya yi amfani da shi ya tsinke igiyar da ke riƙe da gidan.

Inda gwanintar ta ke shi ne mataki na biyu. Kafin uwar Umar ta bi mijinta, sai ta ga ya kamata ta je Fatika ta gano iyayenta, ta bar yaron a hannun wata ƙawarta. A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Ba sakaci ta yi ba, ba kuwa son zuciya ne ya ja ta ba. Abin da ta yi shi ne abin da duk wata 'yar halas za ta yi: sada zumunci, da neman albarkar iyaye kafin ƙaura, da barin ƙaramin yaro inda ya saba maimakon a sha da shi wahalar hanya. Da a ce malamin tarbiyya aka tambaya, da shawarar da zai ba ta ke nan. To, amma a bayanta aka sace yaron, kuma daga ranar nan uwa da ɗa ba su sake zama inuwa ɗaya ba sai a ƙarshen ranta. Marubucin bai ɗora mata laifi ba ko da kalma ɗaya, bai kuma tsaya ya wanke ta ba. Ya bar mai karatu da tambayar da ta fi ƙarfin wa'azi: yaya aka yi aikin kirki na 'yan kwanaki ya cinye rayuwar mutum biyu?

Amsar tana cikin zamanin da aka ɗora labarin, watau ƙarshen ƙarni na 19. A ƙasar da yaro ya ke da farashi a kasuwa, babu ƙaramar shawara ga talaka. Fita daga gari, da juya baya, da amsa sallamar baƙo, kowanne yana iya zama ƙofar bauta. Ya kamata a tuna kuma cewa sa'ad da littafin ya fito maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayanta, amma ba a soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai a 1936. Ke nan cikin waɗanda aka karanta wa littafin a zaure a 1934 akwai tsofaffin da suka san hanyar nan da ƙafafunsu. Wanda ya koyar da shi a matsayin labarin ƙaddara kaɗai ya ɗauke wa mahara da dillalan bayi irin su Gumuzu na Kano nauyin da marubucin ya aza musu, ko da ya ke a hankali ya aza shi.

Daga Kano labarin ya rabu biyu, kuma a nan ne ginin ya fi bayyana. Yaron ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, har ya gaji malaminsa Shaihu Mas'ud. Uwar kuwa, da ta biyo sawun ɗanta, sai ta faɗa hannun Ado, wanda ta amince da shi, ya ci amanarta, ta ƙare a baiwa ta hanyar Murzuk zuwa ƙasar Tarabulus. Hamada ɗaya suka ƙetare, ciniki ɗaya ya kwashe su, abin da ya bambanta su shi ne halin mutumin da kowannensu ya gamu da shi. Abin lura kuma, yaron bai zaɓi kome ba ya dace, uwar da ta yi ta zaɓi da ƙoƙari ita ta halaka.

Abdulkarim kansa ya isa a tsaya a kansa, domin masu sharhi sun cika yi masa sauƙi. Mutumin kirki ne ga Umar, ba shakka. Amma fataucin da ya kawo shi Kano shi ne fataucin da ya raba Umar da uwarsa, kuma alherinsa ga yaro ɗaya bai kwance ko ɗaya daga sauran da ke cikin ayari ba. Littafin bai faɗi haka da baki ba. Waɗansu na ganin shirun nan rauni ne, ko kuwa tsoron taɓa manya. Zai yiwu da gaskiyarsu ta wani fanni, amma ajiye Abdulkarim da Ado kafaɗa da kafaɗa, da barin uwar ta mutu jim kaɗan bayan ta ga ɗanta, magana ce da ta fi zagi kaifi.

Wannan gini yana da tsadarsa. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da wayonsa ya ke tuƙa labarinsa, Ganɗoki kuwa da takobinsa. Umar ba shi da ko ɗaya. Ana ɗaukarsa, ana ajiye shi, ana sayensa, ana koya masa karatu, har kusan ƙarshen littafin bai yanke shawara guda ba sai da mafarki ya tayar masa da begen uwarsa ya nemi komowa gida. Saboda haka mai karatu ya kan fi tuna Makau da uwar bisa ga wanda aka sa wa littafin sunansa. Akwai kuma wuraren da haɗari ya yi yawa har ɗinkin ya fito fili: kurar da ta cinye ɓarawon yaron ta bar yaron, da guguwar da ta binne ayari ta bar Umar. Waɗannan kayan tatsuniya ne, an kawo su don a fid da jarumi daga ramin da ba shi da hanyar fita da kansa. Har wa yau Shaihun yana ba da labarin tafiyar Makau da ta uwarsa filla-filla, alhali kuwa bai kasance a wurin ba. Ana iya yi wa marubuci ɗan shekara 21 uzuri a kan wannan, balle ma a harshen da bai riga ya sami turbar irin wannan rubutu ba.

Mervyn Hiskett ya juya littafin zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim da shi a 1976. Dandali da majigi sun fi son abin da ido zai gani, watau fada da hari da raƙuma a hamada, ban kwanan mace da ƙawarta a bakin ƙofa kuwa ba shi da armashin kallo. Shi ya sa malamin da ke shirya ɗalibai a kwalejin horon malamai zai fi cin riba in ya mai da su ga littafin kansa, ya sa su karanta wurin tafiyar Fatika da ƙarfi a aji, sa'an nan ya tambaye su wace shawara za su ba matar nan da a ce su ne maƙwabtanta a Kagara ran nan.