Famfon Da Ya Kama Da Wuta: Sharhi Kan Fim Ɗin Gasland

Sana'ata magana ce a gidan rediyo, shi ya sa na daɗe ina jin haushin karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji. Sai da na kalli Gasland, fim ɗin bincike da Ba'amurke Josh Fox ya fitar a 2010, na samu abin da zan kare kaina da shi. A wannan fim, abin da ido ya fi riƙewa shi ya fi rauni, abin da kunne ke ji a wuce kuwa shi ne ƙashin bayan maganar.

Wani kamfani ne ya yi wa Fox tayin kusan dala dubu 100 don ya haƙi gas a filin gidansu da ke jihar Pensilbaniya. Bai sa hannu ba, sai ya ɗauki kyamara ya bi jihohi yana tambayar waɗanda suka riga shi karɓar irin wannan tayi. Hanyar haƙar ita ce fasa dutse da ruwa: a gina rijiya mai zurfin fiye da kilomita, a karkata ta a kwance cikin dutsen da gas ya maƙale, sannan a tura miliyoyin litocin ruwa haɗe da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske. Dutsen ya tsage, yashi ya tokare tsagar, gas ya biyo rijiya.

Na yaba wa Fox kan yadda ya bar mutane suka yi magana. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, ba ya katse baƙo, kuma kwalaben ruwa mai launin ƙasa da magidanta ke miƙa masa sun isa bayani. Duk wanda ya taɓa riƙe makirfo ya san wuyar yin shiru.

Inda na rabu da shi shi ne wurin da fim ɗin ya yi suna. A jihar Kolorado wani magidanci ya buɗe famfo, ya kara masa wuta, sai ga harshen wuta ya tashi. Hukumar jihar mai kula da haƙar mai da gas ta ce iskar da ke cikin wannan rijiya ta samo asali ne daga jijiyoyin kwal da rijiyar ruwan ta ratsa, ba daga haƙar gas ba. A wani gida na yankin kuwa, hukumar ta samu gas mai alaƙa da haƙar. Fox bai tsaya ya bambance ba. Da haka ya miƙa wa kamfanoni sanda: suka riƙe wannan famfo ɗaya suna ƙaryata fim ɗin gaba ɗaya.

Alhali ga babbar magana a cikinsa, wadda ba ta da hoto mai ɗaukar ido. A 2005 majalisar Amurka ta zartar da dokar makamashi da ta cire fasa dutse da ruwa daga sa idon dokar kare ruwan sha ta 1974, sai dai in an yi amfani da man dizal. Mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, Dick Cheney, tsohon shugaban kamfanin Halliburton ne, wanda wannan aiki na cikin sana'arsa. Wannan ba ta buƙatar ashana kafin ta ƙona.

Lokaci kuma ya nuna ruwa ba ya tsami banza. A Dimock, garin da Fox ya ziyarta, hukumomin Pensilbaniya sun gano rijiyoyin gas marasa inganci sun bar iska ta shiga ruwan mutane, kuma a 2022 kamfanin bai musanta tuhuma a kotu ba, ya yarda ya biya kuɗin jawo musu ruwan famfo. Rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka na 2016 ya ce aikin na iya gurɓata ruwan sha a wasu yanayi, ya ambaci malalar sinadarai, da simintin rijiya mara kyau, da zubar da gurɓataccen ruwa. Ga inda ya kamata kyamarar ta daɗe.

Kada mai karatu ya ce Amurka da nisa. A farkon 2015 mutanen In Salah, a saharar maƙwabciyarmu Aljeriya, sun yi makonni a kan titi don rijiyoyin gwaji na irin wannan gas, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne rayuwarsu. Faransa ta haramta hanyar tun 2011.

Ku kalli Gasland, amma da kunne a buɗe. Ni dai ranar da wani jami'in haƙar gas ya zauna gabana a ɗakin watsa shiri, ba zan tambaye shi ko famfo na kamawa da wuta ba. Zan tambaye shi wa ya gwada ruwan rijiyoyin gari kafin a fara haƙa, wa ke duba simintin, kuma ina ake kai ruwan da ya dawo.