Wasan Tseren Moto na Cikin Salula: Daɗinsa da Ƙaryarsa

Ya kai mai karatu, in ka shiga kasuwar Tebaram, ka ɗan tsaya a rumfar mai cajin salula. Za ka tarar da samari sun haɗa kai wuri guda. Ɗaya ya riƙe salula da hannu biyu, yana karkata ta dama, yana karkata ta hagu. Ƙarar moto tana fita daga cikinta. Can sai ka ji an yi ihu, an ce: "Ya faɗi! Ba ni in gwada!" Wasan tseren moto ne suke yi. Wataƙila ɗanka yana cikinsu. Wataƙila salular ma ita ce wadda wansa ya aiko daga Abijan ko Libiya. To, ya kamata mu san wannan wasa, mu auna shi, mu ga abin da yake koya wa ƴaƴanmu.

Daga ina ya fito?

Irin wannan wasa ya daɗe a duniya. A shekarar 1984 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wani mai suna Excitebike. A 1985 kamfanin Sega, shi ma na Japan, ya fitar da Hang-On. A wannan, mutum yakan hau wani moto na roba da aka kafa gaban akwatin hoto, ya riƙa karkata jikinsa. A lokacin akan je ɗakin wasa a biya kuɗi. Yau kuwa abin ya shiga aljihu.

Wanda za mu duba sunansa Traffic Rider. Wani mutumin ƙasar Turkiyya mai suna Soner Kara ne ya ƙirƙiro shi, ya bazu a duniya a shekarar 2016. Mutane fiye da miliyan 100 sun sa shi cikin salularsu. Kyauta ake samun sa. In ya shiga salula, ana iya yin sa ko babu intanet. Shi ya sa ya dace da ƙauye.

Yadda ake yin sa

Da ka buɗe wasan, sai ka ga kamar kai ne bisa moto. Ga hannuwanka bisa kan moton, ga agogon gudu, ga hanyar kwalta ta miƙe gabanka cike da motoci. Akwai wurin da za ka danna ka ba da wuta, akwai wurin birki. In za ka kauce, sai ka karkata salular. Aikinka shi ne ka ratsa tsakanin motoci ba ka taɓa ko ɗaya ba. Wani lokaci a ce ka kai wuri kaza kafin lokaci ya cika. Wani lokaci a ce ka wuce motoci kaza. In ka ci, a ba ka maki da kuɗin wasa, ka sayi moto wanda ya fi na da gudu.

Wuyarsa da daɗinsa

Gaskiya a faɗe ta, wanda ya yi wasan nan ya iya aikinsa. Hotunan suna da kyau. Akwai tafiyar rana, akwai ta dare. Ƙarar injin kuma daga motoci na gaske aka ɗauko ta, shi ya sa take shiga jiki.

Matakin farko mai sauƙi ne, yaro ma zai ci. Daga nan sai abin ya riƙa tsanani a hankali. Lokaci ya ragu, motoci su yi yawa, hanya ta matse. Babbar mota ta sauya layi gabanka ba ka shirya ba. In ka karkata salula da yawa, ka bugi ta dama. In ka karkata kaɗan, ka bugi ta gaba. Ido da hannu dole su yi aiki tare.

Wuyar nan ita ce daɗin. Ka san yadda dara take. In abokin wasanka bai iya ba, ba ka jin daɗin cinye shi. Haka kokowa: kaye mai daɗi shi ne na ƙato da ƙato. Wasan nan ya san wannan sirri. Kullum yana kayar da kai saura ƙiris ka kai. Sai zuciya ta ce maka: "Sake sau ɗaya." Sau ɗaya ya zama sau 20. Kafin ka farga caji ya ƙare, rana ta yi tsaka, ba a shayar da dabbobi ba.

Akwai ɗan amfani a ciki. Lambobi suna gudu a fuskar salula: gudun moto, nisan da ya rage, lokacin da ya rage. Mai koyon karatu yana iya saba wa idonsa da karanta lamba da sauri. Amma rubutun wasan ba da Hausa yake ba. Talla kuma tana yawan katse shi in an kunna intanet, kuma ana kwaɗaita wa mutum ya sa kuɗinsa na gaske ya sayi moton ƙarya. Wannan a kiyaye shi.

Inda wasan ya yi ƙarya

Yanzu ga babbar magana. Ka duba abin da wasan yake ba da lada a kai. In ka ƙara gudu, makinka ya ƙaru. In gudunka ya wuce kilomita 100 a awa, kuma ka wuce mota dab da jikinta, a ƙara maka. In ka bi hannun da motoci suke tahowa, a ƙara maka. In ka ɗaga ƙafar gaba ta moto sama, a ƙara maka. Wato duk abin da ke kashe mutum bisa hanya, shi ne abin yabo a cikin wasan.

In kuma ka yi karo fa? Babu jini, babu karaya, babu kukan uwa. Ka danna wuri guda, sai ga ka bisa sabon moto. A cikin salula rai ba ya ƙarewa. A duniya kuwa guda ɗaya Allah ya ba kowa.

Hanyar wasan ma ba irin tamu ba ce. Tasu shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami. Ka tuna hanyoyinmu na Adar. Ga yashi mai kama ƙafar moto. Ga duwatsu. Ga kwari da ruwa ya zaftare da damina. Ga jaki da amalanke, ga raƙumi, ga garken awaki mai tsallakawa ba sallama. Da hunturu ƙura tana rufe ido. Ko ka hau kwaltar da ta tashi daga Tawa zuwa Ƙonni ko Agadas, manyan motoci ba za su kauce maka ba.

Bari mu yi lissafi. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa 1. Wannan ya fi taki 30 na babban mutum. Kafin idonka ya ga akuya, ƙafarka ta taka birki, ka riga ka isa gare ta. Kuma a wasa kai kaɗai ne bisa moto. A nan kuwa moto yakan ɗauki mutum 2 ko 3, da buhun hatsi a baya. Moto mai nauyi ba ya tsayawa da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce haɗarin hanya shi ne ya fi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne masu wasan nan. Kuma ka san halinmu: wanda ya ji mugun rauni a Tebaram, sai an ɗauke shi zuwa asibitin Tawa, tafiya mai nisa bisa hanya mai wahala.

To, me za mu ce?

Wasan Traffic Rider yana da daɗi, an kuma ƙera shi da gwaninta. A matsayin wasa ya ci. A matsayin malamin tuƙi kuwa ya faɗi warwas. Ba mu ce kowane mai yin sa zai yi ganganci bisa hanya ba. Amma yaron da ya saba jin ana yaba masa don ya goga jikin mota, yana bukatar babba ya gaya masa gaskiya.

Saboda haka kada ka fasa salula, kada ka doki yaro. Zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka. Gwada da hannunka, ku yi dariya tare. In ya faɗi cikin wasan, ka tambaye shi: "Da bisa hanyar Tawa ne, yanzu ina kake?" Ka yanka masa lokacin wasa, bayan an gama aiki da karatu. In ya isa hawan moto, ka koya masa birki kafin totur, ka saya masa hular kwano tun kafin ka ba shi makulli. Moto a ƙauyenmu shi ne mai kai mara lafiya likita, shi ne abin neman abincin ɗan kabu-kabu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.