Kara ko Mudahana? Nazari a kan Fim Ɗin 27 Dresses

Fim ɗin Amurka 27 Dresses, wanda Anne Fletcher ta ba da umarni a 2008, labarin Jane ne, budurwar da ta yi ƙawar amarya sau 27 saboda bakinta ba ya iya furta a'a. Duk wanda ya san bukukuwan Kusada da Kankiya ya san irinta: mai cin bashin anko don gudun a ce ba ta da kara.

Fim ɗin ya gano cutar, amma maganinsa ya gaza. Ibn Hajar, a Fathul Bari, ya kawo bambancin mudara, wato lallashin mutane ba tare da tauye addini ba, da mudahana, wato sarayar da addini don duniya. Jane ta yi shiru a kan ƙaryar ƙanwarta Tess, sannan ta tona mata asiri a gaban taro. Nasiha a asirce ta kuɓuce mata tsakanin shirun da tozartawar. Ta yi nadama, sai dai fim ɗin ya tsaya ga koya mata fifita kanta. Wanda ya bar bautar idon mutane ya koma bautar son zuciya, ubangida kawai ya sauya. Ikhlasi ne ke 'yantawa.