Masu Auna Abin da Ido Ba Ya Gani: Ɗaura Oba-oba a Kan Tirela

Suleja gari ne na manyan motoci. Daffon mai na NNPC da ke Maje ya sa tankoki ba sa yankewa a bakin titin Kaduna, tireloli na kwana a Tafa, a mahaɗar Dikko kuma hanya ta rabu: mai zuwa Minna ko Bida ya bi ta Lambata, wanda ya nufi Legas ya zarce har Mokwa da Jebba. Duk inda mota ta yi sansani, sana'a ma sai ta kafa rumfa, ga bakanike, ga mai faci, ga mai walda, ga mai wayarin. A cikin masu wayarin ɗin nan akwai ɗaiɗaikun da suka iya wani aiki da ba kowa ke lura da shi ba, wato ɗaura rediyon oba-oba a kan tirela da saita eriyarsa. Ni dai a ayyukan gareji babu wanda ke burge ni kamarsa. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba, zarto ne da magagari da sanfefa da wata 'yar allura mai rawa a bayan gilashi, amma da su ake sa muryar mutum ta tsallake kilomitoci.

Al'adar daga Amurka ta taso. A 1958 hukumar sadarwarsu, FCC, ta ware wa jama'ar gari layuka 23 a kan megahaz 27, abin da ake kira CB, a 1977 kuma aka mai da su 40. Abin ya bunƙasa ne bayan ƙarancin mai na 1973, lokacin da gwamnati ta hana gudun da ya wuce mil 55 a awa. Direbobin tirela suka riƙa sanar da juna gidan man da ke da dizal da inda 'yan sanda suka laɓe. Har gobe layi na 19 nasu ne a can, na 9 kuma an bar shi don neman agaji, kuma doka ba ta yarda ƙarfin rediyon ya wuce wat 4 ba a maganar yau da kullum.

Namu direbobin ba ta nan suka bi ba. Daga saƙon baki a tasha da alamar hannu da ƙyafta fitila a kan titi, sai suka faɗa wayar salula bayan zuwan GSM a 2001. Oba-oba ya zama kayan 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da kamfanonin gine-gine da masu ayarin motoci, galibi na VHF ko UHF irin su Motorola da Kenwood da Icom, kowa a kan layin da aka ba shi lasisi. Mai harkar kasuwanci wajen hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, yake neman nasa, kuma gwanin kirki kan tambayi takarda kafin ya taɓa sifana, musamman a wannan zamani da jami'an tsaro ke sa ido kan duk mai riƙe da irin wannan na'ura. Duk da haka, wanda ya yi tuƙi a Zamfara ko wasu sassan Katsina da Kaduna a ƙarshen 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, ya san darajar abin da ba ya jiran sabis, ba ya cin kati. Mota biyar a jere, ta gaba ta hango tanka ta faɗi a kwana, dannawa ɗaya duk na baya sun ji. Ko CB ne ko VHF karatun ɗaya ne, tsawon sandar ne ya bambanta.

Wanda ya tashi yana murɗa rediyo yana neman Kaduna a kan mita 49 ko Landan a kan mita 16 ya riga ya riƙe rabin karatun. Mitocin nan tsawo ne na gaske, tsawon kaɗawa ɗaya ta igiyar da ke ɗauko muryar a iska. Ta CB mita 11 ce da 'yan kai. Eriya kuwa ba ta sakin magana yadda ya kamata sai tsawonta ya dace da igiyar, kuma mafi sauƙi ya zama rubu'inta: kusan mita 2.7 a CB, wajen rabin mita a VHF mai megahaz 150, a UHF kuma bai cika ɗani guda ba. Kamar tsarkiyar gurmi ce, makaɗi ya gusar da yatsa kaɗan sauti ya sauya. Idan tsawon bai dace ba, wani ɓangare na wutar da rediyo ya aika ba ya fita, sai ya juyo ta cikin kebul ya dawo gida, ya zama zafi a cikin na'urar. In abin ya yi yawa, kayan cikinta su ƙone.

To, kan tirela tsayinsa ya doshi mita 4. Ka ɗora masa bulala mai mita 2.7, gadar masu tafiya a ƙasa ko wayar lantarkin da ta sauko a cikin gari ce za ta raba ka da ita. Shi ya sa ake amfani da gajeriya, mai ƙafa 3 zuwa 5, wadda aka naɗa wa kwayil, wato zaren waya da ke cike gurbin tsawon da aka rage. Yawanci a ƙarfen madubi ake ɗaure ta. Gwani yana duba abu biyu: kwayil ɗin ya haura rufin mota, kuma mafi yawan sandar ta tsaya a sarari, kada ta laɓe a gefen kai ko kusa da salansar da ke tsaye. Sandar da ta jingina da bangon ƙarfe, bangon take yi wa magana.

A nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya gani an yi. Sandar da ke sama rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin, jikin motar ne kansa, rufi da ƙofa da shasi. Dole ƙarfen da ke riƙe da sandar ya haɗu da jikin mota ƙarfe da ƙarfe, ba fenti ba tsatsa a tsakani. Za ka ga mutum ya zauna a kan matakala yana goge wuri ɗan mitsitsi da sanfefa har ya yi fari yana ƙyalli, ya ɗaure noti, sannan ya shafe da giris don kada damina ta ɓata masa aiki. Bai tsaya nan ba. Madubi a jikin ƙofa yake, ƙofa kuma hinji ne ya riƙe ta, hinjin da ya sha maiko da ƙura. Kan tirela ma kansa a kan robobi yake zaune. Sai ya kawo gajeriyar waya mai faɗi, saƙaƙƙiya, ya haɗa ƙofa da kai, ya haɗa kai da shasi. Siririyar doguwar waya na iya kunna ƙwan fitila amma ba ta gamsar da igiyar rediyo, ita faɗi take so da gajarta. Wasu sababbin motocin rufinsu na faiba ne, babu ƙarfe ko kaɗan, sai an nemo eriyar da aka yi musamman domin su. Akwai kuma wani farin zoben roba a gindin sandar, wanda ke hana tsakiyarta taɓa ƙarfen maɗauri. Yaro ya juya shi ko ya yar da shi a yashi, aikin yini ya tashi a banza. Na lura ƙwararru ba sa barin kowa ya sa wannan zoben, da hannunsu suke sa shi.

Sai wuta. Rediyon mota bolt 12 yake so, galibin tirelolin da ke zuwa mana daga Turai da China kuwa, DAF da MAN da Iveco da Howo, bolt 24 ne, batir biyu a jere. Mai gaggawa sai ya ja waya daga batir ɗaya. Rediyo zai kama, amma batir ɗin da ake tatsa shi kaɗai zai riƙa rauni, ɗan'uwansa na shan caji fiye da kima, kafin a ankara duka biyun sun mutu. Gwani kwanbata yake sawa mai sauko da 24 zuwa 12, ya ja wayarsa mai kauri kai tsaye, ya sa fiyus dab da batir, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe kuma ya sa mata zoben roba don kada gogayya ta feɗe ta. A kan tanka wannan ba ado ba ne. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu abin da tartsatsi ke yi kusa da fetur, bayan gobarar tankar da ta ci fiye da mutum 80 a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025. Shi ya sa ake jan kunnen direban tanka ya kashe na'urar tun kafin ya shiga wurin lodi.

Kebul ɗin eriya mai om 50 ne, irin RG-58. Na dish da talabijin mai om 75 ne, sun yi kama a ido, kuma ya fi arha a kasuwa, nan ne da yawa ke faɗawa. Ba a matse shi a bakin ƙofa, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, ragowarsa kuma a shimfiɗa ta sakwa-sakwa a bayan kujera.

Duk wannan shiri ne. Ainihin aikin sai an fitar da mota fili, nesa da gini da wayoyin lantarki da sauran tireloli, domin duk ƙarfen da ke kusa yana ruɗa awo. Ana saka ma'aunin SWR tsakanin rediyo da kebul, shi ne ke nuna yawan wutar da ke dawowa. Allura ta tsaya a 1.5, kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, ba laifi. A 2 ya kai kashi 11. A 3 rubu'in wutar ce gaba ɗaya, kuma a nan ake sakin maɓalli da sauri.

"Kai, rufe ƙofar nan, ka sauko daga jikin motar," in ji maigidan garejin ga yaronsa, don buɗaɗɗiyar ƙofa da jikin mutum kusa da sanda duk suna canja lissafi. Ya sa rediyon CB ɗin a layi na 1, ya danna abin magana, ya murɗa har allura ta kai ƙarshen ma'auni, ya juya makunni ya karanta. Ya koma layi na 40 ya maimaita. A ce na 1 ya ba shi 1.4, na 40 ya ba shi 2.3. Layi na 1 igiyarsa ta fi tsawo, tunda kuwa sandar ta fi jituwa da shi, ta yi tsawo ke nan, sai a rage. Da akasin haka ne, sai a ƙara. In kuwa duka biyun sun haura 3, ba ya ko kallon zarto, ya san matsalar na wajen haɗin jiki ko kebul ko zoben nan.

Direba ya gaji da tsayuwa a rana. "Oga, ai tana magana, me kuma ya rage?"

"Ji take yi, Alhaji. Maganar ce ba ta fita tukuna."

Ya hau, ya sassauta ɗan sukurun da alanki, ya tura sandar ƙasa kaɗan. In ta kai maƙura, ya zare ta ya yanke milimita 3 ko 5, ya goge bakin da magagari. In mai hular roba ce a kai, sai ya mayar da hular kafin ya auna, don ita ma tana cikin lissafi. Ya sauko, a rufe ƙofa, a sake aunawa. Ya sake hawa. Wannan hawa da sauka shi ne abin da nake girmamawa, saboda abin da aka yanke ba ya komawa, kuma babu mai gane ha'inci a ranar. Da ya tsaya a 2.3 ya karɓi kuɗinsa, direba zai tafi yana godiya, sai bayan watanni rediyo ya mutu a dajin Mokwa a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Shi kuwa ba ya sauka na ƙarshe sai layi na 1 da na 40 sun yi kusan daidai, na tsakiya ya faɗo ƙasa da 1.5.

Akan sami direban da zai ce a ƙara masa na'urar ƙara wuta don muryarsa ta kai nesa. Mai sanin aiki kan ba shi haƙuri. Ban da saɓa doka da shiga layin wasu, ƙarin wuta baki kawai yake ƙarawa, kunne yana nan yadda yake: za a ji ka, kai ba za ka ji amsa ba. Eriyar da aka saita kuwa duka biyun take gyarawa. Shi ya sa ƙaramin oba-oba na hannu, wanda ke shaƙewa a cikin kan mota saboda ƙarfe ya kewaye shi, yake zama wani abu dabam da zarar an haɗa shi da sanda a waje. Tsakanin mota da mota a shimfiɗaɗɗiyar hanya, CB mai kyau kan kai kilomita 5 zuwa 10. A ƙasa mai duwatsu irin ta Suleja abin kan ragu, wanda ke bayan Dutsen Zuma ba lallai ya ji na Madalla ba, musamman a VHF da UHF da suka fi son miƙaƙƙen sarari. Megahaz 27 kuma na da nata abin mamaki: a shekarun da rana ke tsananta aiki, kamar 2024, igiyar kan doki saman sararin samaniya ta sauko a wata nahiya, mutum na zaune a gareji ya ji Italiyanci ko yaren Brazil na fita daga sifika.

Ƙarshen aiki gwaji ne. A tayar da inji a saurara ko kukan altaneta na shiga, in yana shiga a sa matata a kan wayar wuta. Yaro ya hau babur da na hannu ya nufi wajen Dikko, ana kiransa yana amsawa har muryar ta fara yankewa, a san iyakar inda take kaiwa. Sannan maigida ya juyo ga direba da sharuɗɗansa: in reshe ya karya sandar, kada ya kuskura ya danna maɓalli sai an sa wata, kada ya bari mai wankin mota ya rataya tsumma a kanta, in ya dawo daga Legas ya biyo a sake ɗora ma'auni, domin ramukan hanyar Bida ba sa barin noti a yadda aka ɗaure shi.