Sharhi a kan Tambayar Tabbatarwa cikin Manhajar Emacs

Manhajar rubutu, watau wadda ake tsara matani da ita a kwamfuta, takan tsai da mai aiki ta tambaye shi in ya nufi yin abin da zai jawo masa hasara. Wannan ita ce tambayar tabbatarwa. Abin da za a duba a nan shi ne yadda GNU Emacs ta shirya tata, da abin da ya same ta sa'ad da aka ba mutane ikon sauya ta.

Richard Stallman ya soma aikin wannan manhaja cikin 1984, aka fito da ita cikin 1985. Tambayarta iri biyu ce. Ta fari, mai suna y-or-n-p, harafi guda take bukata, da an taɓa shi magana ta ƙare. Ta biyu, mai suna yes-or-no-p, ba ta yarda sai an rubuta kalmar Turancin duka, sa'an nan a danna maɓallin shigarwa. In an kuskure sai ta nemi a gyara, ta dakata daƙiƙa 2, kana ta sake tambaya. Wannan ta biyu an keɓe ta domin manyan al'amura, kamar share fayil, ko fita daga manhajar alhali akwai rubutun da ba a ajiye ba.

Lalle akwai hikima cikin wannan rabo, gama an auna wahalar amsa daidai da girman hasarar da ake tsoro. Amma mutane da yawa sun gaji da doguwar amsa. Shekara da shekaru sukan sa layi guda cikin fayil ɗinsu na saiti su mai da babbar tambaya ƙarama. Daga baya, cikin fitowa ta 28.1 a 2022, aka ƙara zaɓi mai suna use-short-answers domin wannan bukata, ko da yake masu manhajar sun bar shi a kashe, har suka gargaɗi mutane kada su kunna shi.

Aibin zaɓin nan shi ne kuɗin goro yake yi wa tambayoyi. Wanda ya kunna shi domin wata tambaya guda da ta dame shi ya rage nauyin dukan sauran, har da wadda ke tsaron aikin da ya kwana yana yi. Da an ba shi ikon zaɓen tambayoyin ɗaya ɗaya, da ya fi.

Duk da haka, masu gajarta amsa suna da hujja. Jef Raskin, cikin littafinsa The Humane Interface na 2000, ya nuna cewa duk tambayar da amsarta ba ta sakewa, hannu yakan haddace ta, ya ba da ita tun ido bai karanta ba. Sabo turken wawa. Wanda ya rubuta yes sau ɗari ba zai tsaya tunani a na ɗari da ɗaya ba. Saboda haka abin da ya fi tsare mai rubutu a Emacs shi ne wanda ba ya tambayar kowa: ajiyar da take yi da kanta bayan kowane bugu 300, da kwafin tsohon fayil da take bari da alamar ~ a ƙarshen sunansa, da ikon janye abin da aka yi.

Akwai wasu hanyoyi da ya kamata a gwada da wannan. Manhajar vi, wadda Bill Joy ya rubuta cikin 1976, ba ta tambaya. Ƙin fita take yi, sai an ƙara alamar motsin rai a kan umurnin, watau :q!, domin a nuna da gangan ne. Kamfanin Apple kuma ya daɗe yana koyar da cewa a rubuta sunan aikin kansa a kan maɓalli maimakon amsar i ko a'a.

Wannan ta ƙarshe ita ta fi shafar masu juya manhaja zuwa Hausa. In aka tambayi Bahaushe, "Ba za a ajiye ba?" ya ce "I," nufinsa ba za a ajiye ba ɗin, alhali Bature a nan no zai ce. To, wanda ya juya tambaya mai korewa kalma da kalma yana iya sa mutum ya zubar da abin da ya so ya tsare. Har wa yau, manhaja ba ta san ko namiji ke gabanta ko mace ba, don haka "a ajiye" ya fi dacewa da "ka ajiye" ko "ki ajiye".

Abin da ya kamata mai fassara ya riƙe, da malamin da ke koya wa ɗalibai aiki da kwamfuta, shi ne tambayar ta ambaci sunan fayil, ta faɗi abin da zai ɓace, a guji korewa cikinta, a kuma rubuta amsoshi uku da aikatau: Ajiye, Zubar, Fasa.