Yabon da Ba Shi da Shaida

A watan Agusta na 2021, da ɗan tseren ƙasar Sin, Su Bingtian, ya gama gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.83 a gasar Olamfik ta Tokyo, 'yan ƙasarsa suka cika intanet da haruffa huɗu: YYDS. Taƙaitawa ce ta wata jimlar Sinanci mai nufin "abin bauta na har abada". Daga bakin masu wasannin kwamfuta ta fito, amma ba a jima ba aka riƙa faɗarta ga mawaƙi, da kofin shayi, da sabuwar waya.

Bahaushe ba zai kira ɗan'adam abin bauta ba, sai dai cutar ta iske mu ta wata ƙofa. A Facebook da TikTok, duk wanda ya ɗora hoto "gwarzo" ne, "jarumi" ne, "babu kamarsa".

Ba kambamawar nake tuhuma ba, domin kambamar zulaƙe tsohon adon harshe ne a kirari da waƙoƙin fada. A ƙauyenmu na ƙasar Birnin Gwari, na tashi ina jin mafarauta suna kirari idan sun dawo daga daji. Sukan kai kansu sama, amma sukan ambaci dabbar da suka kasa da wurin da aka yi arangama, a gaban abokan farauta da za su iya ƙaryata su. Kirari yana da aiki a bayansa, yana da shaidu a gabansa. Yabon intanet kuwa riga ce guda da ake sa wa kowa.

A wurinmu wannan ba wasan kalmomi ba ne. Na ga matasa suna rubuta "namiji" a ƙarƙashin bidiyon ɗan bindiga da ke ƙirga kuɗi a daji. To, wace kalma ta rage wa direban da ya yi ta bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da ake tare ta, ko manomin da ya koma gonarsa a bakin dajin Kamuku bayan sulhun ƙarshen 2024?

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. A ganina, wajibin yana hawa kanmu ne bayan mun iya faɗin abin da gwanin ya yi.